Daga Reluwe Zuwa Jirgin Ƙasa: Yadda Ake Ƙera Sabuwar Kalma a Turanci da Hausa



An nemi in yi magana a kan yadda Turanci yake samun sababbin kalmomi, musamman irin waɗanda ake ɗauko kalma biyu ko fiye a ƙulla su su zama guda, waɗanda masana nahawunmu ke kira harɗaɗɗun kalmomi. Na amsa, amma na roƙi a bar ni in riƙa ajiye Hausa a gefen Turancin, domin abin da na zo faɗa ke nan. Yaron da ya tashi a wannan ƙetaren kogin Kaduna yana jin Hausa, ko ita ce harshen gidansu ko a kasuwa da filin ƙwallo ya tsince ta, ya riga ya iya harɗa kalmomi tun kafin a sa shi makaranta. Abin da ya rage a nuna masa shi ne inda Bature ya bi hanya ɗaya da shi da kuma inda suka rabu. Idan muka koyar da darasin kamar wani baƙon abu da aka yi odarsa daga Ingila, mun wahalar da yaro, mun kuma wahalar da kanmu a banza.

Bari mu fara da abin da kunnenmu ya saba ji. Duk wanda ya shiga motar haya a wannan yanki ya ji kwandasta yana kiran wurare: Peugeot Junction, Television Garage, Command Junction, Refinery Junction. Ranar Litinin kuma a ce za a Monday Market a Kakuri. Kowanne daga cikinsu suna biyu ne aka jera, babu wani abu a tsakani da ya ɗaure su. Ba kuma haka siddan irin waɗannan sunaye suka taru a nan ba. Tashar jirgi ta Kaduna Junction a kudancin kogi take, a kan layin da ya isa Kano a 1911, kuma a nan ne layin gabas da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya zo ya haɗu da shi cikin shekarun 1920. Bayan jirgi sai masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai kuma ta fara aiki a 1980. Kowane inji da aka sauke ya zo da sunansa, da sunan sassansa, da sunan mai kula da shi, kuma da yawan sunayen nan harɗaɗɗu ne. Gbagyi da Hausawa da Bajju da Atyap da Tibi da Ibo da Yarabawa da suka haɗu a bakin injin nan dole suka nemi yadda za su kira abin da ke gabansu.

To, ga ƙa'ida ta farko, wadda in da ita kaɗai ɗalibi zai riƙe ya tafi gida, da ya ci riba. A harɗaɗɗiyar kalmar Turanci, kalmar ƙarshe ita ce kai, ita ke gaya maka ainihin abin da ake magana a kansa, ta farkon kuwa bayani kawai take ƙarawa. Railway hanya ce, way, sai rail ta gaya maka cewa ta ƙarfen dogo ce. Monday Market kasuwa ce, ba rana ba. Hausa kuwa da kai take farawa, ta liƙa masa mahaɗi, wato -n ga namiji da jam'i, -r ga mace, sannan bayani ya biyo: layin dogo, jirgin ƙasa, kasuwar Litinin, tashar mota. Saboda haka Bature yana da racehorse yana da horse race, kalmomi biyu iri ɗaya an juya su, ma'ana ta juya. Na farkon dokin sukuwa ne, na biyun sukuwar doki. Palm oil manja ne da ake miya da shi, oil palm kuwa bishiyar da ke ba da shi ce. Yaron da aka gaya wa cewa ya fara fassara daga ƙarshe ya dawo farko ba zai sake rikicewa a nan ba.

Amfanin wannan ya fi fitowa idan jerin ya yi tsawo, domin Turanci ba ya gajiya da tara sunaye. Ku ɗauki textile workers' union, wadda kowa a nan ya san ta, tunda hedikwatar ƙungiyar ta ƙasa a garin nan take. Karanta ta daga baya: union ƙungiya, workers ma'aikata, textile masaƙa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙa. Ba ka ƙara komai ba sai mahaɗi biyu. Haka jam'i ma kai yake bi. Bature zai ce railways, ya sa s a ƙarshe saboda can kai yake. Mu kuwa jiragen ƙasa muke cewa, 'yan sanda, gidajen waya. A 'yan wuraren da Turanci ya sa kai a farko, irin mother-in-law da passer-by, sai ka ga jam'in ya dawo farko shi ma, mothers-in-law, passers-by. Wannan abu ne da ake sa yara su haddace da bulala, alhali dokar da suke amfani da ita kullum ce a bakinsu.

Sai tambayar da ɗalibai masu kaifin basira sukan yi: ta yaya za a gane cewa kalmomi biyu sun zama ɗaya, ba makwabtaka kawai suka yi a cikin jimla ba? Kada a dogara da rubutu. Turanci yana rubuta wasu a haɗe, railway, wasu da karan-ɗori, wasu a rabe, post office, kuma masu ƙamus ɗin su kansu suna sauya ra'ayi. A 2007, da aka sake buga ƙaramin ƙamus na Oxford bugu na shida, an cire karan-ɗori daga kalmomi kimanin 16,000, wasu aka haɗe su, wasu aka raba. Kunne ya fi ido gaskiya a nan. Idan Bature ya ce green house, yana nufin gida mai koren fenti, nauyin muryarsa a kan house yake sauka. Idan ya ce greenhouse, ɗakin gilashin da ake renon tsirrai, nauyin a kan green yake. Haka black bird, kowane baƙin tsuntsu, da blackbird, wani tsuntsu takamaimai wanda macensa ma ba baƙa ba ce. Shaida ta biyu ita ce ma'ana. Da zarar sun harɗe, ma'anar takan bar gidan iyayenta. Blackboard yana iya zama kore, ba wanda zai ce an yi ƙarya.

Duk wannan muna da shi. Farar hula mutum ne wanda ba soja ba, ko da baƙar hula ya sa, ko kansa a buɗe yake. Ɗan sanda yana nan ɗan sanda ko bindiga ce a hannunsa, sunan ya samo asali ne tun lokacin da ake bambanta shi da ɗan doka na En'e da dogarin sarki. Baƙin ciki da farin jini ba launi ake nufi ba. Irin wannan kalma da ba ta nufin ko ɗaya daga cikin sassanta, sai dai wani na uku da ke ɗauke da su, masanan Indiya sun yi mata suna tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru, a nahawun Sanskirit na Panini. Suna kiran ta bahuvrihi, wato mai shinkafa da yawa, kuma har yau sunan da masana harshe a duniya ke amfani da shi ke nan. Redhead da paperback na Turanci, da farar hula tamu, duk 'yan gida ɗaya ne. Akwai ma wata shaida a ƙofar gidanmu. Tasha mace ce, kowa sabuwar tasha zai ce idan yana nufin wadda aka gina jiya. Amma unguwar sunanta Sabon Tasha, ba wanda ke jin wani abu ya karye. Sunan ya daskare ya zama guda, ya daina bin dokar jinsi. Ita tashar kanta kuma daga station muka samo ta.

Idan harɗaɗɗiyar kalma ta daɗe ana tauna ta, sai ɗinkin ya ɓace har masu harshen su manta cewa biyu ce. Daisy, sunan wata fure, asalinsa day's eye, idon rana, don takan buɗe da safe. Window daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, ma'anarta idon iska. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce lord. A tsohon Turanci, shekaru sama da dubu da suka wuce, hlafweard ake cewa, mai tsaron burodi, wato maigidan da ke ciyar da mutanensa. Lady kuma mai kwaɓa burodin ce. Daga mai ciyar da gida kalmar ta hau ta zama ta basarake, ta kuma zama sunan da suke kiran Mahalicci da shi. Yanzu ku saurari tamu: Ubangiji. Uba ne, da mahaɗi, da giji, tsohuwar siffar gida. Uban gida. Musulmi a masallaci da Kirista a majami'a duk da wannan kalma suke roƙo a garin nan, kuma kaɗan ne suka taɓa lura cewa harɗaɗɗiya ce. Al'ummu biyu da ba su san juna ba, da suka so su ambaci Wanda ke riƙe da kowa, sai kowace ta waiwayi mai riƙe da gida.

Yanzu mu zo kan abin da ya faru da kalmomin Turanci da suka sauka a nan. Ku tsaya a garejin wani bakanike a Kakuri ko Makera. Ogan yana kwance a ƙarƙashin tsohuwar Fijo, ƙafafunsa kaɗai ake gani, rigarsa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Sai ka ji murya daga ƙasa: "Kai, miƙo mini sukudireba, ka haska min tocila nan wajen giyabos." Yaron ya ce, "To, Oga," ya durƙusa. A jimla ɗaya an yi amfani da harɗaɗɗun kalmomin Turanci uku, screwdriver da torchlight da gearbox, kuma ba a bar ko ɗaya da ɗinkinta ba. An haɗiye su ɗungurungum, an sa musu wasula inda baƙaƙe suka cunkushe, sun zama Hausa. Haka loudspeaker ta zama lasifika, sergeant major ya zama samanja, headmaster hedimasta, cupboard kabad, charge office caji ofis, railway reluwe. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Kakanninmu sun yi wa Larabci haka, suka haɗiye al ɗin da ke gaban suna tare da sunan, muka sami alƙali da littafi da labari da lahira. Shi ma Turancin rabinsa aro ne daga Faransanci da Latin.

Amma akwai abin da ake asara, kuma a aji ake ganin sa. Yaron garejin nan idan ya zo makarantar yamma aka ce ya rubuta gearbox, yadda ya ji zai rubuta, domin a wurinsa sauti ne guda marar ma'ana. Ranar da malami ya tsaga masa ita biyu, ya ce box akwati ne, wannan akwatin giya ne, daga ranar ya iya rubuta ta, ya kuma sami mabuɗin toolbox da matchbox da letterbox ba tare da an koya masa ba. Lasifika ba ta gaya wa Bahaushe komai. Amsa-kuwwa kuwa, wadda wasu ke kiran na'urar da ita, ko yaro ya ji ya san aikinta. Wannan shi ne bambancin kalmar da ka aro da wadda ka ƙera: ta aro sai an gaya maka, ta gida ita ke gaya maka.

Amsa-kuwwa ta kawo mu inda na fi so mu daɗe. Akwai wani nau'in harɗi da ake fara shi da aikatau, a bi shi da abin da aikin ya faɗa wa, sai duka biyun su zama sunan mai aikin. Turanci yana da shi: pickpocket, mai yankan aljihu, scarecrow, mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye a gona, killjoy, turncoat, breakwater. Sunan Shakespeare ma haka yake, girgiza mashi, kamar dai sunayenmu na Cigari da Citumu. Salon ya yi ƙarfi a Turanci bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, domin Faransanci gwani ne a kansa. Hankicin da ke aljihunku shaida ne: handkerchief hand ce aka ɗora a kan kerchief, ita kuma daga Faransanci take, ma'anarta rufe kai. Curfew, wadda mutanen garin nan suka sani sani mai ɗaci, ita ma asalinta rufe wuta, ƙararrawar da ake kaɗawa da dare a ce kowa ya binne wutar murhunsa. Mu kuma da muka tashi kiran ta sai muka ce dokar hana fita, muka koma kan aikatau ba tare da mun san tarihin tasu ba.

To, a Turanci wannan salo ya tsufa. Bature na yau idan ya ƙera na'ura ba ya cewa wash-dish, dishwasher yake cewa, ya sa abin da aka yi wa aiki a gaba, aikatau a baya, ya rufe da -er. Screwdriver ma wannan ƙirar ce. A Hausa kuwa salon yana nan da ransa, kuma ya wuce inda Turanci ya taɓa kai shi. Muna da masu sassa biyu: dafa-duka, hana-salla, ɓata-gari, fasa-ƙwauri, gama-gari, rufa-ido, makaman ƙare-dangi, mulkin kama-karya. Muna kuma da waɗanda jimla ce sukutum aka mayar suna: faɗi-ka-mutu ga kwanon tangaran, bar-ni-da-mugu ga ƙurajen fuska na samartaka, a-ci-balbal ga fitilar gwangwani, ka-ce-na-ce, ba-ni-in-ba-ka, shafa-labari-shuni ga mai ƙarin gishiri, gaya-wa-jini-na-wuce ga takobi mai kaifi. Ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya, irin wadda Peugeot ta cika hanyoyin Arewa da ita, a-kori-kura aka sa mata. Ba wani kwamiti da ya zauna ya ƙirƙiro wannan. Direbobi da 'yan kamasho da masu lodi ne suka kalli mota suka raɗa mata suna, ya kuma bi ta.

Ku kuma saurari muryarku. Ku ce "ta dafa duka", sannan ku ce "ta yi dafa-duka". A ta farkon, dafa tana farawa sama ta sauko, wasalin ƙarshe gajere. A ta biyun duka gaɓoɓin biyu a ƙasa suke, wasalin ƙarshe kuma ya ja. Abin da nauyin murya ke yi wa greenhouse, shi karin sauti da tsawon wasali ke yi wa dafa-duka. Ba hasashena ba ne. Mustapha Ahmad ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan harɗaɗɗun kalmomin Hausa a Jami'ar Indiana a 1994, Paul Newman ya ba su babi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, Joseph McIntyre kuma ya yi nasa nazarin a kan masu farawa da aikatau. Abin da ke damuna shi ne wannan ilimi ya tsaya a ɗakunan karatun jami'a, bai gangaro ajin sakandare ba, inda malamin Turanci ke fama shi kaɗai yana bayanin nauyin murya ga yaran da ke yin kwatankwacinsa da bakinsu kowace safiya.

Sauran hanyoyin zan bi ta kansu da sauri. Akwai ɗafi, inda ake liƙa wa saiwar kalma wani guntu a gaba ko a baya: unhappy, kindness, teacher. Namu ma- ya fi kowanne aiki, kuma tarihin yankin nan a cikinsa yake. Maƙera wurin ƙira ne. Masaƙa a da wurin da masu saƙar hannu ke zama ne da zare da ƙoshiya, da aka gina katafaren kamfani mai dubban ma'aikata sai tsohuwar kalmar ta buɗe ta ɗauke shi. Matata daga tacewa take, ta ɗauki matatar mai ba gardama. Akwai yanke kalma, omnibus ta zama bus, examination ta zama exam. Akwai narka biyu su zama ɗaya, smoke da fog suka ba da smog a 1905, breakfast da lunch suka ba da brunch. Akwai tattara haruffan farko, kamar radar a 1940, kamar NEPA da aka kafa a 1972, wadda sunanta ya sauya tun 2005 amma har yau in wuta ta dawo sai ka ji yara suna ihun sunan. Akwai mayar da suna aikatau ba tare da an taɓa shi ba, to email, to google. Akwai kuma yanka kalma inda ba gaɓarta ba. Hamburger daga birnin Hamburg take, amma aka ɗauka ham ce da burger, sai aka haifi cheeseburger. Mu ma mun yi irinta da mechanic: muka ji farkonta kamar ba- na Bakano da Bature, muka ce bakanike, jam'i kanikawa, sana'a kanikanci.

Kada kuma a ɗauka karɓa kawai muke yi. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, kuma idan kuka duba za ku ga harɗi ya yi yawa a cikinsu: next tomorrow, wato jibi, mama put, ember months, barbing salon, send-forth, K-leg. Okada na ciki, wadda ta samo suna daga wani kamfanin jirgin sama. Kannywood ma na ciki, Kano da Hollywood aka narka, kuma a mujallar Tauraruwa ta Kano aka fara amfani da ita a ƙarshen shekarun 1990. Wannan ba ya nufin ɗalibi ya rubuta next tomorrow a jarrabawar WAEC ya yi tsammanin maki. Yana nufin malami ya daina kiran ta shirme, ya gaya wa yaro cewa ƙirarta daidai take, wurin amfaninta ne daban.

Wa ke da ikon ƙera kalma? An daɗe ana ƙoƙari ta hanyar hukuma. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma da yaƙin duniya ya ɓarke dole ta nemo wa jiragen yaƙi da makamai da ƙasashe sunaye kowane fitowa. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, kuma masu fassara labarai a irin waɗannan gidaje su suka saba mana da Majalisar Ɗinkin Duniya, da tauraron ɗan'adam, da juyin mulki, da jirgi mai saukar ungulu. Malaman jami'a kuma suka tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe a ƙamus ɗin da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990. Ina so ku lura da abin da suka yi da suka zo kan guntun da ake liƙa wa kalma a gaba da wanda ake liƙawa a baya. Ba su aro ba. Cewa suka yi ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, suka bi ƙirar dafa-duka, shi ya sa ɗalibi yana ji sau ɗaya yake riƙewa.

Amma hukuma shawara kawai take bayarwa, kasuwa ke yanke hukunci. Na'ura mai ƙwaƙwalwa kalma ce mai kyau, amma ta yi tsawo ga wanda ke amfani da abin kullum, kwamfuta ta rinjaye ta. Tafi-da-gidanka ta yi tashe lokacin da wayar hannu ta shigo a 2001, yanzu kuwa da wayar ta zama ruwan dare, waya kawai ake cewa. Jirgi mai saukar ungulu, duk da tsawonsa, yana nan, ina ganin don ya shiga dangin jirgin ruwa da jirgin ƙasa da jirgin sama ya zauna daram, kuma hoton da ke cikinsa ba ya mantuwa. Babur mai ƙafa uku ma darasi ne. A nan Keke Napep muke cewa, keke aka harɗa da haruffan shirin yaƙi da talauci na zamanin Obasanjo. A Kano a-daidaita-sahu suke cewa, daga sunan shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Abu ɗaya, gari biyu, hanya biyu ta ƙera suna, kuma dukansu sun rayu bayan shirye-shiryen da suka haife su sun shuɗe. Abin da na fahimta shi ne kalmar da za ta zauna sai ta yi sauƙi a baki, ta kuma sami 'yan'uwa a harshen da za ta jingina da su.

Ina da roƙo biyu ga 'yan'uwana malamai. Na farko, malamin Turanci da malamin Hausa na makaranta ɗaya su zauna su haɗa wannan darasi, ko sau ɗaya ne a zango. A raba allo biyu, a rubuta football a hagu, ƙwallon ƙafa a dama, a ja kibiya a nuna yadda suka juya. A bar 'yan ajin da ke jin Gbagyi ko Jju ko Tyap ko Ibo su faɗi yadda nasu harshen yake jerawa, domin ajin da ke da harsuna biyar ya fi mai harshe ɗaya kayan aiki a wannan darasi, kuma irin ajin da muke da shi ke nan daga Barnawa har Gonin Gora.

Na biyu ya fi gaggawa. Masaƙar Kaduna Textiles ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin a ɗakin kaɗi da ɗakin saƙa da ɗakin rini suna nan a Kakuri da Makera da Nasarawa, sun manyanta. A bakinsu akwai sunayen da suka raɗa wa injuna, da sassan injuna, da aikin dare, da shugabannin aiki, da launukan atamfa, wasu Turanci ne da aka tanƙwara, wasu Hausa ce da aka harɗa a bakin inji. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riga masaƙun zuwa, don haka ba za a nemi waɗannan a cikinsa ba. Kowane ɗalibin babbar sakandare a wannan yanki yana da kaka ko makwabci da ya yi wannan aiki. A ba su aikin hutu: kowa ya je ya gaishe da dattijo ɗaya, ya zauna, ya rubuto kalma ashirin da ma'anarsu da yadda ake furta su, ya nuna wacce aka aro, wacce aka ƙera, kuma idan harɗaɗɗiya ce, ina kanta yake. Malamai su tattara, su tace, a aika wa sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu na Kaduna da Zariya da Kano.